Gwanayen tuƙin kwale-kwale a teku: yadda suke horo da inda suke samun na tuwo

A watan Mayun 2012, wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Oscar Chalupsky ya shiga kwale-kwalensa a yammacin tsibirin Molokai da ke Hawai, ya tuƙa kimanin kilomita 52, ya ƙetare mashigin Kaiwi zuwa tsibirin Oahu, ya riga kowa isa. Shekarunsa 49 a lokacin. Wanda ya zo na biyu shi ne Clint Robinson na Ostireliya, mutumin da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1992 a Barcelona, kuma shi ya lashe wannan tsere a 2010 da 2011. Chalupsky ya girme shi da shekara tara. Karo na 12 ke nan da ya ci tseren Molokai, na farkon kuwa tun 1983.

A gudun fanfalaki ko tseren keke ba a ganin haka. Mai shekara 49 ba ya kayar da manyan 'yan wasa suna cikin ganiyarsu, komai naci da taurin ransa. A teku kuwa abin na faruwa, kuma dalilinsa shi ne mabuɗin fahimtar wannan sana'a baki ɗaya. Abin da ke cin tsere a teku shi ne iya karanta ruwa, ilimin da ake shekara da shekaru ana tarawa. Wannan ilimin ne ke tsara yadda ƙwararru suke horo, kuma shi ne kusan hajar da suke da ita ta sayarwa idan an zo maganar ciyar da iyali.

Jirgin da ake magana a kansa sunansa safski. Siriri ne, tsawonsa ya haura mita 6, faɗinsa kuwa a na manyan 'yan tsere bai wuce santimita 42 zuwa 45 ba, da ƙyar ƙugun mutum ke shiga. Rufaffe ne ruf, iska ce a cikinsa, an ƙwaƙule gurbin zama a samansa, don haka ko igiyar ruwa ta rufe shi ba ya cika ya nutse. Ruwan da ya taru a wurin ƙafa yana zurarewa ta wata 'yar kafa idan jirgin na gudu. A ƙarƙashinsa ta baya akwai ɗan fiffike mai juya akalarsa, matuƙi na sarrafa shi da ƙafafu. Mafi tsada, waɗanda aka ƙera da zaren kabon, nauyinsu tsakanin kilo 9 ne zuwa 12. Filafilin baki biyu gare shi, kowane baki da zurfi da lanƙwasa, ƙirar da ta fito daga Suwidin a tsakiyar shekarun 1980.

Ana danganta asalin jirgin da Harry McLaren da ɗan'uwansa, waɗanda suka yi amfani da irinsa a Port Macquarie ta Ostireliya tun 1912. Daga baya masu aikin ceto a bakin teku, a Ostireliya da Afirka ta Kudu, suka ɗauke shi don kai ɗauki ga wanda ruwa ke neman ci, sannan suka fara gwada gudu a tsakaninsu. Har yau waɗannan ƙasashe biyu su ne ke fitar da mafi yawan zakaru. Akwai dangin wannan wasa: va'a na mutanen tsibiran Tahiti da Hawai a tekun Pasifik, kwale-kwale mai madogari a gefe, akwai allon da ake kwanciya ko durƙusawa a kai ana tuƙi da hannu, akwai kuma wanda ake tuƙawa a tsaye. Matsalarsu ta kuɗi kusan iri ɗaya ce.

Yadda ake hawan igiya

Manyan tsere-tseren teku ana tsara su ne yadda iska za ta kasance a bayan matuƙa. Iska na tayar da igiyoyi, igiyoyi na tafiya inda ake nufa, aikin matuƙi shi ne ya hau gangaren igiya ya bar ta ta ɗauke shi. A faɗe abu ne mai sauƙi. Lissafin ne ke nuna wuyarsa.

A ruwa mai zurfi, gudun igiya ya danganta da tazarar lokacin da ke tsakaninta da mai bi mata. Idan sakan 4 ne tsakaninsu, suna tafiyar kusan kilomita 22 a awa. Idan sakan 10 ne, irin manyan da guguwa ta tayar can nesa suka yi tafiyar kwanaki, gudunsu ya kai kilomita 56 a awa. Gwanin matuƙi a ruwan da ke kwance yana riƙe kilomita 13 zuwa 14 a awa na dogon lokaci, idan ya zuba dukkan ƙarfinsa kuma zai haura 20 na ɗan taƙaitaccen lokaci. Ke nan babu mai kama babbar igiya da ƙarfin damtse. Sai dai ya fara kama ƙarama wadda gudunta bai fi ƙarfinsa ba, ya ari gudunta ya faɗa kan matsakaiciya, daga nan in ya yi dace ya sami rabonsa na 'yan sakanni a gangaren babba.

Gwani ba ya waiwayen igiyar da ke bayansa. Idonsa na gaba, yana neman inda ruwa ya yi kwari a gaban hancin jirgi, don kwarin da ke gaba shi ke nuna akwai tudu a baya. Da ya ji bayan jirgi ya ɗaga, sai ya zuba bugu huɗu ko biyar masu ƙarfi, jirgi ya zame, shi kuma ya tsaya da tuƙi ya huta yana juya akala, yana duba dama da hagu inda wani kwarin zai buɗe. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya gangara har ƙasa ya soka hancin jirgi a bayan igiyar da ke gabansa, gudu ya mutu, ruwa ya cika masa gurbi, sannan ya yi ta fama yana neman haye tudu da ƙarfi. Minti 20 na irin wannan ya isa ya ƙarar da ƙaƙƙarfan saurayi. Dattijon da ke gefensa kuwa rabin bugun da saurayin ya yi kawai ya yi, kuma ya yi masa nisa.

Abin ya ƙara rikicewa saboda teku ba ta da igiya iri ɗaya. A mashigin Kaiwi manyan igiyoyi na iya zuwa ta wata fuska, ƙananan da iskar ranar ta tayar su zo ta wata, ga kuma jan ruwa da ke sauyawa da cikowar teku da janyewarta. Wanda ya bi igiyoyi masu daɗin hawa kawai yana iya tsintar kansa ya kauce hanya da nisa, ya dawo yana biyan bashi. Bayan duk wannan, idan aka kewaye duwatsun kusurwar Oahu, ragowar 'yan kilomitocin ƙarshe galibi iska a fuska take bugun mutum, lokacin da hannu ya riga ya mutu.

Tarihin lokutan tseren ya nuna yawan rabon da teku ke da shi a sakamako. Dean Gardiner na Ostireliya, wanda ya ci Molokai sau 9, ya kafa tarihin awa 3 da minti 21 a 1997. Jirage sun yi ta ƙara sauƙin nauyi, horo ya yi ta inganta, amma sai a 2018 Cory Hill ya karya shi. A 2019 Hank McGregor na Afirka ta Kudu, yana da shekara 41, ya sauko da shi zuwa awa 3 da minti 11, wato sama da kilomita 16 a awa tun daga farko har ƙarshe. Shekara 21 aka yi ana jiran ranar da iska da jan ruwa da gwanaye za su haɗu a wuri guda.

Horon da ake yi a ko'ina, da wanda sai inda iska take

Horon ƙwararren matuƙi kashi biyu ne da ba su yi kama da juna ba. Na farko gina jiki ne, kuma wannan ana iya yinsa a kowane tafki ko madatsar ruwa. Manyan 'yan tsere kan tuƙa fiye da kilomita 100 a mako idan gasa ta ƙarato, sau da yawa fita biyu a rana. Mafi yawan wannan tafiya a hankali ake yinta, yadda mutum zai iya magana yana tuƙi, don a gina zuciya da huhu. Kaɗan daga ciki ne ake yi da matsanancin ƙarfi, a zuba gudu na minti ɗaya ko huɗu, a huta, a sake. Wannan na biyun yana da muhimmanci na musamman a nan, tunda tseren teku tashi da sauka ne: bugun zuciya ya hau sama lokacin kama igiya, ya sauko lokacin zamewa, ya sake hawa, ɗaruruwan lokuta kafin a isa. Ana haɗawa da ɗaga ƙarfe, da gudu ko ninƙaya.

Mai kallo daga waje zai ɗauka aikin hannu ne. Ƙarfin bugu daga ƙafa yake tasowa. Matuƙi na taka allon ƙafa da diddige, ƙugu ya juya, gangar jiki ta murɗa, hannu kuwa aikinsa ya riƙe filafili a cikin ruwa. Wanda ke ja da damtse zai gaji da wuri, kuma kafaɗarsa ba za ta daɗe ba. Shi ya sa da yawa daga gwanayen teku suke komawa ruwan kwance suna gyaran bugu, wasu ma a ƙaramin jirgin tseren Olamfik wanda ya fi safski saurin kifewa.

A nan akwai abin da Chalupsky ya daɗe yana nanatawa a darussansa, wato zama daram a jirgi shi ke gaba da komai. Mutum ya sayi siririn jirgin zakaru don sha'awa, ya shiga teku, rabin bugunsa ya tafi wajen tare kifewa, ba shi da damar ɗaga ido ya duba igiya. Da ya shiga mai faɗi da ya fi gudu. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin duk mai sayar da jirgin da ya bar sabon shiga ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa don ribar ta fi yawa ya ci amanar sana'ar.

Kashi na biyu shi ne karatun ruwa, kuma babu littafi ko na'urar da ke maye gurbin sa'o'in da aka yi a cikin iska. A nan ne wurin zaman mutum ke yanke masa hukunci. A Cape Town akwai wata hanya da ake kira Miller's Run, kusan kilomita 12 daga Miller's Point zuwa gaɓar Fish Hoek, ana wucewa ta gefen hasumiyar fitila ta Roman Rock. A lokacin zafinsu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iskar kudu maso gabas na kaɗawa kwanaki a jere, gwanaye kuma na gama hanyar cikin ƙasa da minti 40. Yaron da ya tashi a Fish Hoek yana iya bin wannan hanya ɗaruruwan lokuta kafin ya cika shekara 20. Ba mamaki ƙaramin garin ya fitar da Dawid Mocke da ƙaninsa Jasper, da Sean Rice da ƙaninsa Kenny, dukkansu manyan zakaru. A Ostireliya kuwa kulob-kulob na masu ceto a bakin teku suna karɓar yara tun suna shekara 5, su girma cikin igiya.

Irin wannan horo yana da wahalar da ba a gani a bidiyo. Tafiya ce ta fuska ɗaya: ka shiga ruwa a nan, ka fito a wani wuri mai nisa, dole a sami mota da direban da zai kai ka ko ya ɗauko ka da jirgin mita 6 a kan rufi. A Fish Hoek har akwai motar haya da wannan jigila ce sana'arta. Sannan iska ba ta bin jadawali. Koci ya rubuta yau hutu, gobe gudu mai ƙarfi, sai iska ta tashi yau. Ɗan wasan kirki zai ajiye takardar ya tafi teku. Wanda ke zaune a inda babu irin wannan iska dole ya biya kuɗin tafiya ya je nemanta: Tarifa a kudancin Sifaniya, ko Hood River a jihar Oregon ta Amurka, inda iska ke busawa tana fuskantar gudun kogin Columbia ta tayar da igiyoyi a tsakiyar ƙasa, ko Perth a yammacin Ostireliya, inda iskar teku mai tasowa da yamma, wadda mutanen garin ke kira Doctor, ta ba da sunanta ga tseren The Doctor, kilomita 27 daga tsibirin Rottnest zuwa gaɓar Sorrento.

Ga cin abinci ana cikin tsere. A tafiyar awa uku zuwa huɗu jiki na buƙatar kimanin giram 60 zuwa 90 na sukari da danginsa a kowace awa, da ruwa da gishiri, kuma hannu biyu na kan filafili. Ana zuƙa ne ta siririn tiyo daga jaka, kuma ciki ma sai an horar da shi ya saba karɓar wannan yana cikin jijjiga.

Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa, kuma a wannan wasa ranar da ta fi daɗin horo ita ce ranar da ta fi haɗari. Idan mutum ya kife cikin iska mai ƙarfi, jirgin da bai fi kilo 10 ba yana mirginawa ya gudu fiye da yadda kowane gwanin ninƙaya zai bi shi. Don haka ake ɗaure ƙafa da jirgi da igiya, a sa rigar ceto mai launi mai haske, a ɗauki waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga ko na'urar aika alamar neman agaji. A Afirka ta Kudu hukumar ceto ta NSRI na ƙarfafa matuƙa su kunna manhajar SafeTrx, wadda ke nuna inda suke. Komawa kan jirgi bayan kifewa, daga kowane gefe, cikin igiya, cikin gajiya, darasi ne da ake maimaitawa har abada. A ɓangaren Atlantika na Cape Town sanyin ruwa kan sauka ƙasa da digiri 14, kuma yatsu na daina aiki tun kafin mutum ya gane yana cikin matsala.

Ina kuɗin yake?

Tushen matsalar shi ne tseren teku ba ya cikin wasannin Olamfik. Tseren kwale-kwale da ke can na ruwan kwance ne da na ruwa mai gangara tsakanin sanduna. Ƙasashe masu arziki suna zuba kuɗin wasanni ne inda ake sa ran lambar Olamfik: alawus na wata-wata, koci, likita, kuɗin tafiya. Matuƙin teku ba ya cikin wannan rabo, ko da shi ne zakaran duniya. Sakamakon haka hazikan yara da dama da suka taso a bakin teku suna komawa ruwan kwance. Lisa Carrington ta New Zealand, mai zinare 8 a Olamfik, daga kulob ɗin ceto na bakin teku ta fara. Masu tuƙi a tsaye sun sa rai za su shiga Olamfik, har hukumar kwale-kwale ta duniya da ta masu hawan igiya suka kai ƙarar juna kotun wasanni kan wa ke da iko da wasan, aka yanke hukunci a 2020, amma wasan bai shiga gasar Paris ta 2024 ba.

Hukumar kwale-kwale ta duniya, ICF, ba ta fara shirya gasar duniya ta tseren teku ba sai 2013, a Vila do Conde ta Fotugal, inda Sean Rice da Michele Eray, dukkansu 'yan Afirka ta Kudu, suka yi nasara. Kambu ne mai daraja, amma daraja daban, albashi daban.

Talabijin ma bai taimaka ba. Tsere ne da ke bazuwa a faɗin teku, 'yan kallo a gaɓa suna ganin tashi ko isowa kawai, kuma ɗaukar hoto daga jirgi mai inji cikin igiya aiki ne mai tsada. Jirage marasa matuƙa masu kyamara da na'urorin bin sawu sun rage matsalar, amma ba su kawo kuɗin haƙƙin nuna wasa ba. Kyautar kuɗi tana nan a 'yan tsirarun gasanni, kuma yawanci tana rataye ne a wuyan mai ɗaukar nauyi guda. A ƙarshen shekarun 2000 tseren Dubai Shamaal ya yi suna da kyauta mai tsoka, gwanaye suka yi ta tururuwa, daga baya aka daina shi. A 'yan shekarun nan kamfanin hada-hadar kuɗi na Shaw and Partners ne ya riƙe manyan gasannin Ostireliya. Abin godiya ne, amma sana'ar da ta dogara da sha'awar shugabannin kamfani ɗaya ba ta da tabbas.

A ɗaya gefen ga kashe kuɗi. Jirgin tsere na kabon yana cin dala dubu huɗu zuwa shida, filafili ɗaruruwan daloli. Tikitin jirgin sama zuwa Hawai ko Perth, masauki, kuɗin shiga gasa, sannan a al'adar Molokai kowane matuƙi na buƙatar jirgi mai inji da zai raka shi, wanda shi zai biya. Ɗan Afirka ta Kudu yana samun kuɗinsa da rand, yana kashewa da dala da yuro. Wanda ya zo na ɗaya yana iya komawa gida da riba. Wanda ya zo na takwas, mutumin da a duk duniya bakwai ne kawai suka fi shi a ranar, galibi da asara yake komawa.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan wasa da sauran, kuma shi ne ya ɗaure ɗan wasa da masu ƙera jirage. Ɗan tseren keke na ɗaukar kekensa a jirgin sama. Safski mai mita 6 da ɗoriya ba ya shiga cikin kayan fasinja. Sai dai a loda shi a kwantena watanni kafin gasa, ko a sami irinsa yana jira a can. Wanda ke iya yin wannan shi ne kamfanin da ke da dillalai a ƙasashe: Fenn na East London a Afirka ta Kudu, Nelo na Fotugal, Epic wanda Chalupsky ya kafa tare da Greg Barton, Ba'amurken da ya ci zinare biyu a Olamfik ta 1988, da wasu kaɗan. Yarjejeniyar da yawancin 'yan wasa ke samu ita ce jirgi a gida, jirgi a wurin gasa, wataƙila taimakon tafiya da ladan nasara. Masu karɓar albashi na sosai ba su da yawa.

Su kuma kamfanonin, wa ke sayen kayansu? Ba zakaru ba ne. Masu saye mutane ne masu matsakaitan shekaru, masu aikin yi da abin hannu, waɗanda suka ga bidiyon wani na zamewa a kan igiya suka ce su ma sai sun ɗanɗana. Waɗannan mutane suna da kuɗin jirgi, abin da ba su da shi shi ne shekara ashirin ɗin da gwani ya yi yana kallon ruwa. A nan kasuwar take. Dawid Mocke da matarsa Nikki sun buɗe makarantar koyar da safski a Fish Hoek, suka kuma kafa kamfanin kayan tuƙi mai sunan gidansu, mai yin rigunan ceto da igiyoyin ɗaure ƙafa. Sean Rice ya yi shekaru yana zagaya ƙasashe yana ba da darussa. Michele Eray ta koma Amurka tana aikin koci. Dean Gardiner ya shiga sayar da jirage da shirya gasanni, The Doctor na cikinsu. Chalupsky bayan Epic ya yi aiki da Nelo. Wasu na rubuta wa ɗalibai jadawalin horo ta intanet a biya su duk wata, wasu na ɗaukar baƙo a jirgi mai gurbi biyu su bi da shi iska ya ji yadda abin yake. Nasara a gasa ita ke kawo suna, sunan kuma shi ke cika ajin darasi.

Wannan tsari yana da tsadarsa, kuma ina ganin ba a faɗarta yadda ya kamata. Awa uku da gwani ya yi yana tafiya a hankali gefen sabon shiga ba horo ba ne, gajiya ce kawai a rana. Lokacin da iska ta fi kyau, wanda ya kamata ya yi nasa karatun ruwan, shi ne lokacin da ɗalibai suka fi yawa. Matashi mai shekara 22 da bai riga ya yi suna ba kuwa ba shi da ɗaliban ma tukuna. Yana buƙatar nasara don ya sami kuɗi, yana buƙatar kuɗi don ya je inda ake nasarar. Shi ya sa da yawa daga waɗanda ke layin gaba a manyan gasanni suna da aikin yi na yau da kullum: masu ceto a bakin teku, 'yan kwana-kwana, malaman makaranta, ma'aikatan ofis da ke shiga ruwa da asuba kafin su tafi aiki. Mata sun fi shan wuya, don yawansu a layin tashi bai kai na maza ba, kamfanoni kuma na auna tallafi da girman kasuwa.

Idan rauni ya zo, babu kulob da zai ci gaba da biyan albashi. Kafaɗa, jijiyoyin wuyan hannu da ƙasan baya su ne suka fi cin wuya, ga cutar dajin fata da ke bin masu wuni a rana, wadda Ostireliya na cikin ƙasashen da ta fi yawa. Hannun da ke tsere shi ne hannun da ke koyarwa, don haka ciwo ɗaya na toshe ƙofa biyu.

Wasu sukan sauya fage gaba ɗaya. Jamie Mitchell na Ostireliya ya ci tseren allon tuƙi da hannu na Molokai zuwa Oahu sau 10 a jere, daga 2002 zuwa 2011, bajintar da ba a taɓa yin irinta ba. Bayan nan ya mai da hankali kan hawan manyan igiyoyi da allo, inda kyamarori suka fi yawa, har ya ci gasar Nazaré ta Fotugal a 2016.

Hanyar Tahiti

Akwai wuri ɗaya da aka warware matsalar ta wata fuska. A Tahiti da tsibiran da ke kewaye da ita, va'a shi ne wasan ƙasa. Babbar gasarsu, Hawaiki Nui Va'a, wadda aka fara a 1992, kwana uku ake yi: daga Huahine zuwa Raiatea, daga nan zuwa Taha'a, sannan Bora Bora, kusan kilomita 129 jimilla, mutum shida a jirgi. Ana nuna ta kai tsaye, jama'a na bin ta da jiragen ruwa masu yawa, ana tarbar masu nasara a cikin ruwa.

Manyan ƙungiyoyin na ɗauke da sunayen kamfanoni: Shell Va'a, da EDT na kamfanin lantarki, da OPT na gidan waya da sadarwa. Da yawa daga matuƙan ma'aikatan kamfanonin ne, suna da albashi, ana ba su lokacin horo. Wanda ya san zamanin da ƙungiyoyi irin su BCC Lions ta Gboko da Julius Berger suke tashe a ƙwallon Najeriya zai gane tsarin nan take. Amfaninsa ya bayyana a Hawai. Molokai Hoe, tseren mutum shida da ake yi tun 1952 a kan kusan kilomita 66, Shell Va'a ta ci shi sau 8 a jere daga 2006 zuwa 2013, tana kayar da kulob-kulob na masu gida waɗanda matuƙansu sai sun tashi daga aiki suke haɗuwa horo.

A ganina wannan ne tsarin da ya fi mutunta ɗan wasa, tunda yana bar masa sana'a a hannu ranar da kafaɗa ta ƙi. Sai dai yana aiki ne saboda a Tahiti kowa na kallon va'a, kuma kamfanin da sunansa ke jikin jirgin da ya fara isa Bora Bora ya san abin da ya saya. A Cape Town ko Perth, wasu wasannin ne irin su kurket ke da wannan matsayi.

Gasar duniya ta ICF, wadda ake yi duk bayan shekara biyu daga 2013, ta koma ta kowace shekara tun daga 2021: tsibirin Lanzarote na Sifaniya, sannan Fotugal, sannan Perth, sannan tsibirin Madeira na Fotugal. Ƙasashen Turai na ƙara shigowa, jirage masu faɗi na sabbin shiga na ƙara sayuwa, ɗalibai na ƙaruwa. Ga ɗan wasan da ke son kare matsayinsa kuwa, hakan na nufin tikiti da kwantena da hutun aiki a kowace shekara maimakon duk shekara biyu, kuma a yawancin ƙasashe daga aljihunsa kuɗin ke fita, ko daga gudummawar da 'yan kulob ɗinsa suka tara masa.